Fitilar ƙari a motocin kasuwa: a sauko da ita daga bisa rufi

 Yau ina so mu yi magana bisa wani abu da kowa ke gani a tasha amma ba kowa ya ɗauke shi abin magana ba, wato fitilun ƙari da ake kafa ma motocin shiga daji. Duk wanda ya leƙa tashar motocin ƙauye a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa a ƴan shekarun nan, ya ga Hilux da Land Cruiser da kanta da manyan kamiyo, kusan kowace da wata doguwar sandar fitila bisa kai, wadda in an kunna ta da dare sai ka ce rana ta fito. Fitilun nan na LED sun yi araha, sun cika shagunan kayan mota, kuma yaran mota sun mai da su ado da gasa: wane ya sa mai kamu biyu, ni sai na sa mai kamu huɗu.

Ni dai ban ƙi fitilar ƙari ba. Wanda ya taɓa kwana cikin daji saboda mota ta faɗa rami ya san darajar haske. Abin da nake cewa shi ne, wurin da mafi yawan direbobi ke kafa ta, wato bisa rufi, shi ne wurin da ya fi rashin dacewa da irin hanyoyinmu. Wurinta ƙasa, bisa ƙarfen gaban mota, inda ba ta kai tsayin idon direba ba. Kuma kafin a sayi ta gaba ma, akwai ƙaramar fitila ta baya da ta fi ta amfani ga mai kaya, ba a ko tunawa da ita.

Wata za ta ce: «Malam, ni mai sai da kayan miya ce, ina ruwana da fitilar mota? Wannan ai zancen direba ne da makanikensa.» To Hajiya, da ruwanki. Kasuwannin ƙauye ba su watsewa sai rana ta yi sanyi, kafin a gama ciniki, a ɗaure buhuna, a yi lodi, magariba ta wuce. Mai son ya riski kasuwar Maraɗi ta Litinin ko ta Juma'a, ko kasuwar Alhamis ta Damagaram, ko ta Lahadi a Tawa, tun da duhu yake tashi. Ke nan rabin tafiyar ɗan kasuwa cikin dare ake yin ta. Jarinki yana cikin motar, ke kanki kina bisa buhu, wani lokaci da goyo a baya. In direba bai ga hanya ba, ba shi kaɗai zai ji a jikinsa ba.

Bari in ba ku labarin abin da na gani da idona. Cikin wani hunturu muka taso daga wata kasuwar ƙauye arewa da Maraɗi bayan isha'i, ina gaba kusa da direba, mata da buhunan wake suna baya. Motoci biyu sun riga mu tashi, hanya kuwa ta jar ƙasa ce, ƙurar da suka tayar ta tsaya cak don babu iska. Direbanmu yaro ne mai kirki, sabuwar sandar fitila ya sa a makon, yana ta yaba mini ita tun da rana. Da muka shiga ƙurar sai ya miƙa hannu ya kunna ta. Nan take gabanmu ya koma kamar an shimfiɗa farin ƙyalle bisa gilashi. Haske ko'ina, amma ko gefen hanya ba mu gani. Ya matso da fuska ga gilashi, yana murza ido, bai kuma rage gudu ba, domin a ganinsa ai ga wuta.

Wani dattijo da ke zaune gefena, wanda ya ce ya yi shekaru yana jan kamiyo kafin idonsa ya gaji, ya ce masa: «Yaro, kashe ta saman nan, ka bar kod kaɗai.» Yana kashewa sai hanya ta fito, ga kuma amalanke ɗauke da kara a gabanmu, bai fi taku ashirin ba, babu fitila, babu wani abu mai ƙyalli a bayansa, yaro yana kwance bisa karan. Direba ya taka birki, mota ta ja gefe, mata suka ɗau salati, buhu biyu suka faɗo. Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo. Amma tun daga ranar nake duban fitilun nan da wani ido, ina kuma tambayar masu gyaran wutar mota da tsofaffin direbobi.

Dalilin abin ba boyayye ba ne, kuma kowace mace tana iya gwada shi a tsakar gida. Da dare ki sa yarinya ta yi shara, ki riƙe tocila daidai goshinki ki haska cikin ƙurar: ba abin da za ki gani sai ƙurar kanta tana walƙiya. Sa'an nan ki sauke tocilar zuwa gwiwa ki sake haskawa, za ki ga ƙasa da bango. Kowane ƙwayar ƙura kamar ƙaramin madubi yake, yana mai da haske wajen da ya fito. In fitila tana kusa da ido, ko tana sama da shi ta yadda haskenta zai ratsa ta gaban gilashi kafin ya kai ƙasa, to ƙurar da ke gaban direba ita ce za ta fara kamawa da haske, ta rufe masa abin da ke bayanta. In fitila tana ƙasa, haskenta yana bi ta ƙarƙashin inda ido ke dubawa. Shi ya sa masu ƙera motoci ba su sa fitilar hazo a rufi. Ƙa'idojin ƙera motoci na Majalisar Ɗinkin Duniya, waɗanda masana'antun Turai ke bi, sun ce kada fitilar hazo ta wuce tsayin fitilar kod, kada kuma ta kasa santimita 25 daga ƙasa. Su hazon sanyi suke gudu ƴan kwanaki a shekara. Mu kuwa muna da hazon hunturu wata da watanni, muna da ƙurar motar gaba kullum, muna da guguwar farkon damina.

Na biyu, maganar inuwa. Direban daji da inuwa yake gane hanya. Rami, da kututture, da gargada, da bakin kori da ruwa ya zaizaye, duk inuwarsu ce ke nuna su. Fitilar da ke ƙasa da ido tana jefa inuwa doguwa a bayan kowane tudu, ta bar cikin rami baƙi ƙirin, direba ya gan shi tun daga nesa. Fitilar da ke sama da ido kuwa tana cika ramin da haske, inuwar ta ɓuya, hanya ta yi sumul kamar tabarma alhali ramuka ne. Nan ne ake fasa taya, a karya ƙarfen ƙafa, tulun man gyaɗa ya kife, tumatir ya dame, ƙwai ya tafi a banza. Wa ke biya? Mai kaya.

Na ukku, rufin kansa wuri ne mai wahala. In an kafa sandar gaba-gaba, haskenta yana sauka bisa kapo, wato murfin inji, ya dawo ma direba a ido, balle in motar fara ce, kuma mafi yawan motocin dajinmu farare ne. In gilashi ya yi ƙura ko ya tsage, sai kowane tsagi ya kama walƙiya. Hanyoyin gona kuma cike suke da rassan bagaruwa da aduwa da gawo, abin da suka fara duka shi ne abin da ya fi tsayi. Akwai kuma huda rufi don wuce da waya: ramin nan da ba a toshe da kyau ba, damina ɗaya ta isa ya fara yoyo da tsatsa. Kada mu manta a motocinmu rufi wurin kaya ne, wurin zaman mutane ne. Ana jan igiya ta bisa waya, ana jingina buhu ga fitila, waya ta goge, ta taɓa ƙarfe. Wuta a motar da ke ɗauke da kara, ko atamfa, ko jarkar mai, ba a fatan ta.

Na huɗu shi ne wanda ya fi damuna, domin ya shafi wanda bai ci ba bai sha ba. Fitilar kod an ƙera ta da iyaka: haskenta yana yankewa a sama don kada ya shiga idon mai zuwa. Sandar LED ba ta da wannan iyaka, watsa haske take sama da ƙasa, dama da hagu, in kuma tana bisa rufi ba yadda mai zuwa zai kauce mata. Ku yi lissafi da ni. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. In hasken ya rufe ma direba ido na daƙiƙa 3 kacal, ya yi tafiyar mita 50 bai ga komi ba. Idon dattijo kuma ya fi na yaro daɗewa kafin ya dawo daidai. Cikin wannan mita 50 ana iya samun ɗan kabu-kabu da mace da buhu a bayansa, ko mai keke, ko ɗan kiwo da awaki. Kuma motar da ka makantar da direbanta, kai take fuskanta. Hana wani, hana kai.

Ba sabon abu ba ne a doka. Yarjejeniyar zirga-zirga bisa hanya ta birnin Biyana ta 1968, wadda Nijar ke cikinta, ta ce a kashe wutar nesa in za a yi kiciɓis da wata mota, don kada a kashe ma direbanta ido. Duk wanda ya shiga makarantar tuƙi an koya masa hakanan. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum wajen miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, kuma in aka auna da yawan jama'a Afirka ce ta fi kowane yanki. Bai kamata mu ƙara ma wannan lissafi da abin da muka saya da kuɗinmu muka kafa da hannunmu ba. Amma ku bi babbar hanyar Yamai zuwa Doso, Ƙonni, Maraɗi, Damagaram da dare, ku ƙirga motocin da suka fito daga daji suka hau kwalta ba su kashe ta sama ba.

Akwai wani abu kuma da mu ƴan kasuwa ke da hannu ciki kai tsaye, wato nauyin kaya. In aka danƙara ma ƙaramar mota buhunan albasa ko gero har bayanta ya zauna, to gabanta ɗagawa yake. Duk fitilar da aka saita motar tana wofi, yanzu sama take dubawa. Kod ya koma kamar far, far kuma ya tafi haska ganyen itace. Direba ya ga hanya ta yi duhu, sai ya ce fitilarsa ba ta da ƙarfi, ya je ya sayo sanda ya ɗora bisa rufi, alhali ciwon yana ga lodi. Motoci da yawa suna da ɗan abin murzawa kusa da sitiyari na sauke fitila in an yi lodi, wasu direbobi ba su taɓa taɓa shi ba.

Don a yi adalci, masu son fitilar sama suna da tasu hujja, kuma ba ta banza ba ce. Mai ratsa Tenere daga Agadas zuwa Dirku ko Bilma, inda babu itace, babu amalanke, in dare ya yi garau ba ƙura, fitilar sama tana nuna masa abin da ke bayan tudun rairayi kafin ya hau shi. Cikin damina in ciyawa ta yi tsayi, fitilar ƙasa ciyawar gabanta kawai take haskawa. In za a ƙetare kori mai ruwa, ta sama ba ta nutsewa. Masu bin hanyar Tawa zuwa Agadas, ko ta Tanut, suna kuma kawo zancen raƙumi: kod ƙafafunsa kaɗai yake kamawa, in kuwa aka buge shi jikinsa bisa gilashi yake faɗowa. Duk na yarda. Sai dai ku lura da sharuɗɗan: iska mai tsabta, daji wofi, babu mai zuwa. Kwana nawa a shekara motar kasuwar ƙauye ke samun wannan? Shi kuma raƙumi, fitilar nesa mai kyau bisa ƙarfen gaba tana kama shi sarai, tun da haskenta buɗewa yake in ya yi nisa. Saboda haka wanda aikinsa ya buƙaci ta sama, ya sa ta daga ƙarshe, ya ja ta baya kaɗan daga bakin rufi yadda rufin zai tare haskenta daga kapo, ya ba ta makunninta daban, ya rufe ta da murfi in zai shiga gari ko zai hau kwalta.

To ina ya kamata a kafa? Ga abin da na tattaro. Fitila biyu matsakaita, ɗaya dama ɗaya hagu, bisa ƙarfen gaba da ake ce ma parshok, daidai tsayin fitilun mota ko ƙasa da su kaɗan. Kada a rataye su ƙarƙashin ƙarfen kamar na motar birni, domin a daji rairayi da kututture da ruwan kori za su cinye su cikin mako. Kada kuma a jera su tsakiya su toshe ragar gaba. Ta nan iska ke shiga ta sanyaya ruwan inji, kuma kowa ya san watan Afirilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, mota da lodi cikin rairayi ba ta da iskar da za ta ba fitila aro. Inji ya tafasa a tsakar daji, kayan gwari sun kwana, riba ta tafi. A ɗaure su ga ƙarfe mai kauri da kusoshi masu kyau, mai walda ya yi aiki na gaskiya, domin gargada tana kwance duk abin da aka ɗaura da waya ko aka liƙa ga roba, fitila mai rawa kuwa gajiyar da ido take.

Wanda ke bin ƙananan hanyoyin gona masu kwana da yawa yana iya ƙara ƙanana biyu a gindin gilashi, dama da hagu, a karkata su waje su dubi gefen hanya. Su ke nuna jakin da ke shirin tsallakawa, da saniyar da ta kwanta gindin geza, da bakin rijiya ko ramin da aka ɗebi ƙasar gini. Na tafiya sannu ne, kuma su ma in ƙura ta tashi ko an hango mai zuwa, kashe su ake.

Yanzu ga wadda na ce an manta da ita. Iyayenmu mata, ku tuna yadda ake sauke kaya a tasha da tsakar dare: karen mota da tocila a baki, ko hasken wayar wani, buhu ya yi kama da buhu, a ba wata na wata, ƙaramin ƙunshi ya yi ƙafa, tsohuwa ta taka iska wajen saukowa ta gurɗe. Ƙaramar fitila guda, mai shimfiɗa haske, a kafa ta sama a bayan ɗakin direba tana duban cikin bodi da ƙasa, ta kashe duk wannan rigima. Nan kam tsayi shi ne daidai, domin mota tsaye take. Ita ce kuma ke taimako in taya ta fashe, ko in ana haƙa rairayi don fid da mota. Kuɗinta bai kai na doguwar sandar ba, wutar da take ci kaɗan ce. Sharaɗinta guda: mota na tashi a kashe ta, domin farar wuta a baya tana ruɗa mai bin ka, ya ɗauka mota ce ke zuwa.

Haka jar wutar baya. Sau nawa muka ga mota da hasken da ya isa gari a gaba, bayanta kuwa duhu, ampul ya mutu tun bara, ko buhu ya rufe shi, ko laka ta shafe shi? Cikin ƙura, jar wutar nan ita kaɗai ke gaya ma na baya cewa akwai mutane a gabansa, kuma mutanen da ke bayan motar ku ne. Ampul guda da tsumman gogewa, da ɗan ƙyalle mai ƙyalli da ake liƙawa, ba su kai kuɗin motar mutum guda zuwa kasuwa ba.

Game da launi, dattawa za su tuna Peugeot 404 da 504 masu rufin tamfol da idanunsu rawaya. Dokar Faransa ce ta tilasta fitila rawaya daga 1937 har zuwa 1993, motocin da suka zo mana daga can suka zo da ita. Rawaya ba ta huda ƙura kamar yadda wasu ke faɗi, amma ta fi sauƙi ga ido bisa farin nan mai shuɗi-shuɗi na LED mai araha, wanda ke sa ƙura walƙiya ya kuma soki idon mai zuwa. In za a saya, a nemi rawaya ko fari mai ɗumi. Kada a ruɗu da lambar da aka rubuta a kwali, araha ba ta ado.

Saura haɗin waya, wanda nan ne ake yawan yin ganganci. Ampul ɗin fitilar mota na yau da kullum wat 55 ne zuwa 60. In aka ƙara manyan fitilu biyu masu wat 100 kowace a motar da batirinta volt 12 ne, suna jan kusan ampa 17, ga wanda motar ke ja da ma. Siririyar waya ba ta ɗaukar wannan, zafi take ta narke. Saboda haka a kai ma mai gyaran wutar mota wanda ya san aikinsa, ya sa waya mai kauri, ya sa fizibil kusa da batir, ya sa rele, ya sa roba duk inda waya ta ratsa ƙarfe. Kada a yarda a maye fizibil da guntuwar waya ko takardar sigari. A tabbata kuma fitilar ta dace da motar, domin ƙananan motoci volt 12 ne, manyan kamiyo kuwa mafi yawa 24. Abu mafi muhimmanci: a haɗa fitilun nesa na ƙari ta yadda in direba ya sauko daga far zuwa kod, su mutu tare. Hannu guda, motsi guda. Direban da sai ya lalubi makunni ukku kafin ya rage wuta, ya riga ya wuce wanda ya makantar.

Saiti kuma ba ya son kuɗi. A yi lodi kamar na ranar kasuwa, a tsai da mota a wuri mai daidai, mita 10 daga bango, a auna tsayin fitila daga ƙasa, a ja layi a bango da gawayi daidai wannan tsayi. Iyakar hasken kod ta sauka ƙasa da layin kamar santimita 10 zuwa 15. Fitilun nesa su dubi gaba sak, kada su wuce layin. Aikin minti goma ne, a riƙa sake shi lokaci lokaci.

Duk da haka, babu fitilar da ke maye hankali. A makarantar tuƙi ana koyar da cewa kod yana haska aƙalla mita 30, far kuwa aƙalla mita 100. Mai gudun kilomita 80 a awa yana cin mita 22 kafin ma ƙafarsa ta kai ga birki, in ya ɗauki daƙiƙa guda ke nan, kuma birki bisa tsakuwa da lodi ba kamar bisa kwalta ba ne. Babbar illar fitila mai ƙarfi ita ce tana sa ma yaro ƙarfin hali, ya ga kamar rana ce, ya ƙara wuta. In ƙura ta rufe, magani shi ne a rage gudu, a bar ma motar gaba rata har ƙurarta ta kwanta. Tafiya sannu sannu kwana nesa.

Kira na ga ƴan kasuwa da mata masu sana'a shi ne, ku daina ɗaukar kanku kamar buhu cikin buhuna. Ku ke biyan kuɗin mota, da kuɗinku aka sayi fitilar. Yadda kuke duba taya, kuke ƙin direba mai shaye-shaye, haka za ku zagaya bayan mota kafin a tashi ku ga ko jar wuta tana ci. Kuna iya cewa: «Direba, don Allah a sa muna fitilar sauke kaya.» In kuna gaba kuka ga bai kashe ta sama ba ga mai babur yana zuwa, ku yi magana da ladabi, kamar yadda dattijon nan ya yi. Mace guda ana iya share maganarta, amma in matan da ke cika motar kowane mako suka haɗa baki, direba zai ji, domin ya san inda abincinsa yake. Alhazai masu motoci kuma, kada ku miƙa ma yaro kuɗi ku ce ya je ya sa wuta, ku bi shi gareji ku ga inda za a kafa ta.

Shugabannin tasha da ƙungiyoyin direbobi su ma suna da abin yi, tun da su ke ba mota layi. Bango guda da layin gawayi a kowace tasha ya isa a saita fitilar kowa. Hukumar kiyaye haɗarin hanya ta ƙasa, ANISER, da jandarmomi da ƴan sanda, muna roƙon su sa wannan cikin faɗakarwarsu a gidajen rediyo da harsunan ƙasa, kuma mai sanda bisa rufi a buƙaci ya rufe ta kafin ya hau kwalta. Masu amalanke su ma a taimaka musu da abin ƙyalli na liƙawa a baya, domin yaron nan da ke kwance bisa kara ɗan wani ne.

Direbobinmu ba abokan gaba ba ne, ƴaƴanmu ne da ƙannenmu, kuma mafi yawansu don su kai mu lafiya suka sayi fitilar. Wurin kafawa ne aka kuskure, gyaransa kuwa kusoshi huɗu ne da rabin yini a gareji. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa mai albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya. Sai mun sake haɗuwa a wannan fili.